An cire min jijiyar haƙori, haƙorin kuma yana nan yana aiki

Duk wanda na gaya wa za a cire min jijiyar haƙori sai ya yamutsa fuska. Wasu suka ce in sa a tuge haƙorin kawai in huta, wasu suka ce azabar aikin ta fi ta ciwon. Da na bi diddigi sai na tarar yawancin masu wannan magana ba a taɓa yi musu ba, a bakin wani suka ji, shi ma wanin ji ya yi. Ni an yi min, a turmin ƙasa na ɓangaren dama, kuma ina so wanda ke fama da haƙori a daren nan ya san abin da zai tarar tun kafin ya zauna a kujerar, domin tsoron nan yana sa mutane su yi asarar haƙoran da za a iya cetowa.

Nawa ya samo asali ne daga wani tsohon ciko da ya tsage, kogo ya ci gaba a ƙarƙashinsa ba tare da ana gani ba. Da farko in ruwan sanyi ya taɓa wurin sai in ji tsam, nan take ya wuce. Daga baya ya daina wucewa da wuri, sai ya zauna ya ɗauki lokaci yana zogi bayan na haɗiye ruwan. Sannan ya koma ciwon dare. Da na kwanta sai ya tashi, yana bugawa tare da bugun zuciya, yana harbawa har cikin kunne, har na kasa tantance ko na sama ne ko na ƙasa. Ana gab da ranar da aka ba ni ta ganin likita kuma sai ya yi tsit. Babu zogi, babu komai, sai ɗan nauyi in na cije a kansa.

Na je duk da haka, na kuma tambaya: "Likita, tunda ya lafa, ba za a bar shi haka ba?"

Bai amsa nan take ba. Ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gindin madubinsa, da ya zo kan wannan sai na zabura. Ya ɗora auduga mai tsananin sanyi a kan na kusa da shi, na ji ta sarai. Ya ɗora a kan mai ciwon, ban ji komai ba. Aka ɗauki hoton haƙorin, ya nuna min wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar. "Malam, shirun nan ba sauƙi ba ne," in ji shi. "Jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan, yanzu ma ƙashi suka fara ci."

A duk abin da na koya, wannan ne nake so ya fi zama a zuciyar mai karatu. Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya da bai kai shi ƙarfi ba. A can tsakiya kuma akwai ɗan ɗaki mai taushin nama, cike da jijiyoyi da hanyoyin jini, wanda ke saukowa ta siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Idan ƙwayoyin cuta suka kai ga wannan nama, sai ya kumbura, alhali bango mai tauri ya kewaye shi ta ko'ina, babu inda zai buɗa. Wannan matsi shi ne zogin da ke hana barci. In abin ya daɗe sai naman ya mutu, ciwo ya ɗauke, mutum ya ɗauka ya warke. A lokacin ne cutar ke fita ta ƙasan saiwa ta tara mugunya a cikin ƙashin muƙamuƙi.

Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ba ya warkar da irin wannan. Jini ne ke kai magani inda ake bukata, haƙorin da jijiyarsa ta mutu kuwa jini ya daina shiga cikinsa. Ƙwayar magani za ta iya rage kumburin da ke kewaye, amma maɓoyar cutar tana nan, da an gama sha sai ta dawo. Hanya biyu ce kawai: a tuge haƙorin, ko a buɗe shi a wanke cikinsa a toshe. Na zaɓi ta biyu, bayan likitan ya tabbatar min abin da ya rage na jikin haƙorin ya isa a gina a kai, kuma saiwar ba ta tsage ba. Da ta tsage, da babu zancen ceto.

Ranar aikin, allurar kashe zafi ce farko. Ya shafa wani abu a dasashi ya ɗan jira, sannan ya yi allurar can ciki kusa da ƙarshen muƙamuƙi. Ɗan tsini ne da matsi, ba wani abin a zo a gani ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne zuciyata da ta kama bugawa da sauri, hannuna na ɗan rawa. Ma'aikaciyar da ke taimaka masa ta ce in kwantar da hankali, akwai sinadarin adirenalin a cikin allurar, ana haɗawa ne don maganin ya daɗe a wurin, kuma bugun zai lafa. Haka kuwa aka yi. Amma mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko mai juna biyu, ko wanda ke shan maganin tsinka jini, ya faɗa tun kafin a taɓa shi. Can sai leɓena na ƙasa da rabin harshena suka yi nauyi, suka mutu murus. Ya gwada, ya tambaye ni, sannan ya ce in na ji wani abu mai kaifi in ɗaga hannun hagu, zai tsaya ya ƙara. Wannan alkawari ya taimake ni ƙwarai. Ya kuma gaya min cewa haƙorin da jijiyarsa ke da rai tana kan ganiyar kumburi, musamman turmin ƙasa, yakan yi taurin kai wajen karɓar allura, wani lokaci sai an ƙara. Ina zaton daga nan yawancin labaran azaba suka fito. Mai irin wannan kada ya daure yana hawaye, ya yi magana.

Sai aka sa min wani siririn mayafin roba a baki, aka huda shi, haƙorin kaɗai ya leƙo ta cikin hudar, aka riƙe shi da ɗan maƙalin ƙarfe. Wani likitan haƙori a birnin New York na Amurka, Sanford Barnum, shi ya ƙirƙiro shi a 1864, har yau kuma ba a sami abin da ya maye gurbinsa ba. Yana hana miyau, wanda ke cike da ƙwayoyin cuta, shiga inda ake wankewa, yana kuma hana ruwan magani ko ƙaramin kayan aiki faɗawa maƙogwaro. Da farko na ji kamar zan rasa numfashi, amma da na saba shaƙa ta hanci sai na ga ya ma fi min sauƙi, babu ruwan da ke taruwa a wuya. A ganina majiyyaci yana da hakkin ya tambaya ko za a sa masa shi.

Ƙarar injin huda ba ta daɗe ba. Da ya buɗe saman haƙorin sai wani wari ya taso, warin abin da ya ruɓe a rufe, na gane lallai wannan ba abin da zan so in ci gaba da yawo da shi a baki ba ne. Sauran aikin shiru ne da haƙuri. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe, wasu sirara har ido ba ya ganin bakinsu sai da gilashin ƙara girma. Nawa uku ne. Ya riƙa zura wasu ƙananan allurai masu murɗaɗɗen jiki, daga siririya zuwa mai kauri, wasu da yatsa, wasu da ɗan inji mai juyawa a hankali. Na injin da haɗin ƙarfen nikel da titaniyom ake yin su, shi ya sa suke bin lanƙwasar saiwa. An rataya min wani ɗan ƙugiya a gefen leɓe, haɗe da na'urar da ke ƙara tit, tit, tit, tana sauri in allurar ta kusa ƙarshen saiwa. Da ita ake auna tsawon hanyar, don kada a tsaya a rabi, kada kuma a zarce cikin ƙashi. Tsakanin allura da allura sai ya wanke da ruwa mai warin bilicin, kuma danginsa ne, an dai tsarma shi daidai aikin. Shi ke narkar da ragowar mataccen nama ya kashe ƙwayoyin da allura ba ta kai gare su ba.

Ban ji zafi ba. Ina jin motsi, ina jin dannawa da ɗan karkarwa a ƙashi, amma zafi babu. Abin da ya wahalar da ni shi ne buɗe baki na fiye da awa guda, muƙamuƙina ya gaji liƙis. Da na nuna alama sai aka sa min ɗan dunƙulen roba a ɗaya ɓangaren na jingina haƙora a kai. Wanda za a yi wa ya nemi wannan tun farko.

Saboda akwai mugunya, ba a gama a zama ɗaya ba. Ya cusa wani farin magani a hanyoyin, ya rufe da cikon wucin gadi, ya ce in dawo. Wasu haƙoran a zama ɗaya ake kammala su, ya danganta da yanayin cutar da wahalar saiwar. Da allurar ta sake ni, haƙorin ya yi tsami, in na cije sai in ji kamar ya fi sauran tsawo. Na yi mamaki, tunda an ce babu jijiya. Ashe naman da ke riƙe saiwa a cikin ƙashi yana da rai, yana da nasa jijiyoyin, shi ne ya sha taɓi. Paracetamol da ibuprofen da ya rubuta min suka wadatar, cikin 'yan kwanaki ya lafa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda dai ya sanar da likita kafin ya sha ibuprofen. Kafin leɓe ya farfaɗo kuma a guji tauna, don mutum zai iya cizon kansa bai sani ba.

Zama na biyu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ya sake wankewa, ya tsane hanyoyin da wasu siraran tsinkayen takarda, sannan ya cika su da wani abu mai kama da roba da ake kira gutta-percha, ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya. Da irinsa aka naɗe wayar tangaraho da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa a 1851, saboda ruwa ba ya cin sa. Na ji ɗan ƙaurin roba lokacin da ya yanke saman da ƙarfe mai zafi. A hoton ƙarshe na ga fararen layuka uku sun sauka har ƙarshen saiwa.

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, tunda ciwo ya tafi, alhali aikin bai ƙare ba. Turmin da kogo ya ci, aka kuma huda tsakiyarsa, kamar tukunya ce da aka rarake, bangonta ya yi siriri. In aka ci gaba da tauna a kansa haka, wata rana zai dare, in kuma tsagar ta gangara saiwa to sai tugewa, duk wahalar ta tashi a banza. Cikon wucin gadi ma ba ya daɗewa, in ya fara yoyo ƙwayoyin cuta za su koma inda aka kore su. Don haka aka sassaƙe haƙorin kaɗan, aka ɗauki awonsa, aka yi masa hula da ta rufe shi ruf. Haƙoran gaba sau da yawa ciko mai kyau ya ishe su, amma na tauna hula suke bukata. Duk mai shirin wannan aiki ya sa hular a lissafinsa tun ranar farko.

Akwai maganar da ke yawo a intanet cewa haƙorin da aka cire wa jijiya yana zuba guba a jiki yana jawo wasu cututtuka. Tushenta binciken wani likitan haƙori ne, Weston Price, a farkon ƙarni na 20, wanda ya sa aka yi ta tuge wa mutane haƙora ba gaira ba dalili. Binciken da aka yi daga baya da ingantattun hanyoyi bai tabbatar da maganarsa ba, likitoci kuma sun daɗe da watsar da ita. Abin yana min ciwo in na ga ana tsorata mai ciwo da ita, domin haƙorin da ke da haɗari shi ne wanda aka bari da mugunya.

Ba kowane aiki ke yin nasara ba, gara a faɗi gaskiya. Mafi yawa suna yi, haƙorin ya yi shekaru masu yawa yana aiki. Amma akan rasa wata ɓoyayyar hanya, kamar ta huɗun nan da ke yawan ɓuya a turmin sama, ko allura ta karye a ciki, ko cutar ta ƙi mutuwa. In haka ta faru ana iya sake buɗewa a wanke, ko a yi ƙaramar tiyata a yanke ƙarshen saiwar, akwai kuma likitocin da suka ƙware a wannan fanni kaɗai. Tugewa ma ba ƙarshen magana ba ce: giɓin da aka bari yakan sa na kusa su karkata, na sama ya zazzago, ƙashin wurin ya riƙa zaizayewa, cike giɓin kuma wani babban aikin ne.

Alamomin da ba a jira da su, kafin aiki ko bayansa, su ne kumburin fuska da ke ƙaruwa, zazzaɓi, kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiya da numfashi. Cutar haƙorin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe hanyar iska, wannan kuwa asibiti ake nufa a daren, ba a bari sai gari ya waye. Ɗan ƙurjin da ke fitowa a dasashi yana fashewa yana dawowa, ko haƙorin da ya fara duhu bayan an buge shi, su ma a kai wa likita ko da ba sa ciwo.

Da na koma duba bayan wasu watanni aka sake ɗaukar hoto, aka jera shi da na farko. Baƙin tabon ya ragu ƙwarai, ƙashi yana cikowa. Likitan ya ce warkewar ƙashi takan ɗauki shekara ko fiye, don haka za a sake dubawa, ya kuma ja min kunne cewa haƙori mai hula ma kogo na iya kama shi ta gefen dasashi, kuma wannan karon babu jijiyar da za ta yi min gargaɗi. Saboda haka nake goge shi safe da dare, ina kuma bin tsakaninsa da na kusa da zaren sakace.