Talata a Tempe: minti biyu a mararraba

Yau da safe, da yake motata tana wurin makanike, na kira ɗaya daga cikin motocin haya marasa direba ta manhajar waya. Tun watan Oktoban 2020 ake ɗaukar jama'a a irinsu a yankin Finiks na jihar Arizona ta Amurka, inda garin Tempe yake, ba tare da kowa a kujerar direba ba, amma ni sai yau na shiga. Na zauna a baya ina kallon sitiyari yana juya kansa, na'urar da ke kan rufin kuma tana harba hasken leza domin auna tazarar duk abin da ke kewaye.

Tafiya ta yi kyau har muka isa wata mararraba marar danja, inda za mu karya hagu mu ratsa hannun masu tahowa. Nan motar ta kunna sigina ta tsaya. Sau biyu na ga sararin da, da ni ke tuƙi, da tuni na kutsa, domin a Kano na koyi mota, inda mutum yake sako hancin motarsa kaɗan-kaɗan har wani ya haƙura ya taka birki. Wani dattijo ma ya rage gudu ya yafito mu da hannu, amma ba mu motsa ba sai da ya wuce. Mai a-kori-kurar da ke bayanmu ya danna ham, daga bisani ya fizgo ya kewaye mu ta hannun da ba nasa ba, kuma wannan ne abu mafi haɗari da na gani a duk tafiyar.

Abin ya tsaya mini a rai har dare. Mu direbobi muna sasantawa ne da ido da hannu da walƙiyar fitila, don haka taka-tsantsan ɗin da ya wuce abin da muka saba yakan tunzura na baya ya yi ganganci. Duk da haka ban ga laifin jiran ba. A garin nan na Tempe ne, a watan Maris na 2018, motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta buge wata mata da ke tura keke tana tsallaka titin Mill da dare, ta rasu, alhali akwai mutum a kujerar direba. Kusan kullum ta wurin nake bi.

Da sarari ya samu sosai, motar ta karya a hankali ba tare da ta firgita kowa ba. Na isa ofis a makare da minti biyu, kuma gobe ma ita zan kira, domin makaniken ya ce sai Alhamis.