Neman Sawun Kakana a Takardun Gwamnati, daga Yamai zuwa Tawa

Abin da ya tayar da ni ga wannan bincike wata tsohuwar takarda ce da na tarar a ƙasan adakar mahaifina bayan rasuwarsa, an ninke ta gida huɗu har wuraren ninkin sun fara rabewa. Takardar kotu ce irin wadda ake bai wa mutumin da ba a rubuta haihuwarsa a kan lokaci ba, wato abin da ma'aikata ke kira jugement supplétif, kuma a gurbin ranar haihuwa babu rana babu wata, sai kalmomin nan biyu na Faransanci da kowane ɗan Nijar ya saba gani a takardun iyayensa, "né vers", ma'ana an haife shi wajajen shekara kaza. A ƙasa aka sa sunan kakana da na kakata, sai sunan ƙauyenmu na ƙasar Adar. Iyakar abin da hukuma ta sani game da asalin mahaifina ke nan, kuma ko shi ɗin daga bakin shaidu biyu aka karɓe shi, a lokacin da ake neman shigar da shi lakwal.

Na ɓata watannin farko ina neman takardar haihuwar kakana, kafin in gane cewa ina neman abin da ba a taɓa rubutawa ba. A zamanin mulkin Faransa rajistar haihuwa ba ta kai ga talakan ƙauye ba, ta tsaya ne ga Turawa da ma'aikatan bariki da waɗanda ke zaune kusa da ofishin kwamanda. Gwamnatin wancan zamani tana rubuta sunan mutum ne kawai a inda take da buƙata a wurinsa: lanho (wato harajin kai), jangali, aikin dole, soja, shari'a, ko kuma makaranta. Saboda haka tambayar da ta kamata mai bincike ya yi wa kansa ita ce, a wane wuri ne hukuma ta nemi wani abu daga hannun kakana? Da na sauya tambayar, sai na daina zaryar banza.

Amma kafin ofis akwai ɗakin gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a Tawa, kuma ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga kakana da idonsu. Tsofaffinmu ba sa lissafi da lambar shekara, da abin da ya auku suke yi, kuma wannan lissafin yana fassaruwa idan mutum ya yi haƙuri. Wanda aka ce an yaye shi a shekarar Kakalaba, ana nufin babbar yunwar 1913 zuwa 1914. Wanda ya yi wayo lokacin yaƙin Kawusan a Agadas, ana maganar 1916 zuwa 1917. Wanda aka kama zuwa aikin dole, to lallai kafin 1946 ne, domin a shekarar aka haramta shi a ƙasashen da Faransa ke mulka. Gwaggo ta ce kakana yana goye a bayan uwarsa aka yi Kakalaba, ga shi kuwa daga baya na tarar hukuma ta ƙara masa kusan shekara biyar, abin da ba ya ba ni mamaki, tun da yake ƙara wa yaro shekaru yana gaggauta shigar da shi cikin masu biyan lanho.

Suna ma wata wahala ce mai zaman kanta. Mu ba mu da sunan zuriya guda da ke bin gida daga kaka zuwa jika. Mutum yana ɗaukar sunansa ne ya haɗa da na ubansa, don haka a kowane zamani rabin sunan yana faɗuwa. Ga kuma alkunya, wadda ke sa a ɓoye sunan yanka a bar mutum da laƙabi ko sunan rana har ya tsufa, ta yadda ƴaƴansa na cikinsa ma ba lallai su san sunan da aka raɗa masa ba. Sannan malamin da ya rubuta sunan da ƙa'idar Faransanci ya rubuta shi, abin da kunnensa ya ji daga bakin tafinta. Usmanu ya koma Ousmane, Sha'aibu ya koma Chaibou, Isuhu ya koma Issoufou, kamar yadda Tawa ta koma Tahoua, Birnin Ƙonni kuma ta koma Birni N'Konni. Na rubuta sunan kakana ta hanya biyar a bangon littafina, kuma ta huɗun ce ta yi amfani.

A Yamai, inda nake zaune, na fara da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Wanda zai je can yana bukatar ya san ɗan tarihin mulki, domin takarda tana bin hanyar iko ne. Damagaram ce hedikwatar Nijar daga 1911 har zuwa 1926 da aka mai da ita Yamai, ƙasar kuwa ta zama cikakken yankin mulkin mallaka a 1922, kuma har zuwa gab da samun ƴancin kai a 1960 gwamnan Nijar yana ƙarƙashin babban gwamna ne da ke Dakar. Wannan ya sa rahoto guda na kwamandan Tawa yana iya samun kofi a Yamai, wani a ma'ajiyar Dakar, wani kuma a ma'ajiyar takardun ƙasashen ƙetare da ke Aix-en-Provence a Faransa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne rahotannin rangadi da littattafan bayanin yanki waɗanda kwamandoji ke rubutawa. A cikinsu akwai sunayen ƙauyuka da na masu gari da sarakunan kanto, da yawan jama'a da dabbobi, da labarin rijiyoyi da kasuwanni da shekarun da hatsi ya ƙi. Sunan talaka ba kasafai yake fitowa ba, sai fa idan ya yi rigimar gona ko ya gudu Nijeriya don kauce wa lanho. Ya kamata kuma a karanta su da hattara, domin marubutansu baƙi ne masu neman yabon na gaba da su, kuma abin da sarki da tafinta suka ga dama shi suka faɗa musu. Duk da haka a nan na tabbatar da abin da gwaggo ta ce, cewa ƙauyenmu daga wani tsohon gari ya samo asali. Shawarata ga mai zuwa ita ce ya tafi da katinsa na ɗan ƙasa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowane shafi, kuma ya kwafe lambar kundin tun kafin ya buɗe shi, don wanda ya manta lambar kamar bai ga takardar ba ne.

Wanda kakanninsa malamai ne ya leƙa cibiyar IRSH, wato cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, inda ake adana rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda Boubou Hama ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tara su. Namu gidan na manoma ne, don haka ban daɗe a can ba.

Soja shi ne wanda hukuma ta fi kowa rubutawa. Yayan kakana an ɗauke shi a Yaƙin Duniya na Biyu cikin rundunar da ake kira tirailleurs sénégalais, sunan da aka laƙaba wa sojojin Afirka ta Yamma baki ɗaya ko da ba su taɓa taka Senegal ba. Kundin irin waɗannan sojoji yana cibiyar adana takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau a Faransa, waɗanda suka mutu a fagen yaƙi kuwa ana iya neman sunayensu a intanet, a shafin Mémoire des hommes. Mabuɗin wannan ƙofa shi ne lambar soja da shekarar ɗauka da wurin da aka ɗauke shi, saboda masu suna iri ɗaya ba su ƙirguwa. Duk gidan da ke da littafin soja ko takardar fansho ta tsohon soja, to ya riƙe su da kyau.

Kakana dai bai yi soja ba, bai shiga lakwal ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Lanho kaɗai ya rage. Na kama hanyar Doso da Dogondutsi da Ƙonni zuwa jihar Tawa don neman littattafan ƙidayar iyali, wato waɗanda malaman ƙidaya ke cikawa ƙauye-ƙauye domin a san wanda ya isa biya. Waɗannan daban suke da babbar ƙidayar ƙasa da aka yi a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, wadda jimillar alƙaluma take fitarwa; su littattafan ƙidayar iyali gida-gida suke bi, da sunan maigida da na matansa da ƴaƴansa da yawan shanu da tumaki da jakuna. A wani ofishi da na fara zuwa, abin da na tarar ya sa jikina ya yi sanyi, domin gara ta cinye rabin tarin, ruwan rufi kuma ya manne sauran. Wani dattijon ma'aikaci ne ya ce mini, "Malam, kada ka wahalar da kanka a nan, je ka fadar sarkin kantonku, magatakardansu ba su zubar da takarda." Na bi shawararsa, na yi gaisuwa yadda ta kamata, na zauna kwana biyu ina jira, a rana ta uku aka fito mini da littattafai daure da tsumma.

A wani littafi na shekarun 1950 na ga sunan, an rubuta shi da tawada mai ruwan bula. Ga kakana, ga kakata, ga mahaifina da yayyensa biyu, ga jaki ɗaya da awaki shida. Amma tsakanin sunan kakana da na kakata akwai sunan wata mace da aka ja wa layi, da wata yarinya a ƙarƙashinta, ita ma an ja mata layi, ba tare da wani bayani a gefe ba. A gidanmu ban taɓa jin an ce kakana ya yi wata mata kafin kakata ba.

Na koma Tawa da hoton shafin a wayata, na karanta wa gwaggo sunayen ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan waɗannan biyu sai ta yi shiru na tsawon lokaci, sannan ta ce, "Ɗana, wa ya ba su wannan?" Ta ce uwargidan ce, aure ya mutu ta tafi da ɗiyarta wajen danginta a ƙasar Sakkwato, kuma kakana ya hana a ƙara ambatonsu a gidan. Ta faɗa mini sunan garin, ta kuma ce in bari sai bayan girbi, domin idan za a je neman su, da ita za a tafi.