Abin da na koya wajen sa wa zanen fensir launi a kwamfuta

Sana'ata a Katsina zanen hotunan littattafan yara ce da fastocin makarantu, kuma har gobe da fensir nake fara kowane zane a kan takarda kafin ya shiga kwamfuta. Layin fensir yana da rai: inda hannu ya danna sai ya yi kauri, inda ya sassauta sai ya sirance, ga kuma ɗan kaushin takarda da ke fitowa a cikinsa. Kusan duk abin da na koya a aikin nan bai wuce yadda za a sa launi ba tare da an kashe wannan layin ba.

Tun daga sikana ake gyara aiki ko a ɓata shi. Abin da za a kai maɗaba'a ba na ɗaukarsa ƙasa da ɗigo 300 a kowane inci, in layukan sirara ne kuma sai 600. Da ruwan toka nake ɗauka, domin tsarin baƙi da fari zalla yana zubar da duk abin da ke tsakani, alhali a tsakanin nan fensir yake zaune. Fensir mai taushi irin 4B da 6B yana ƙyalli idan haske ya doke shi, shi ya sa hoton waya kan fito da wuri mafi duhu yana walƙiya. Da hunturu kuwa dole a goge gilashin sikana kafin kowane shafi, in ba haka ba ƙurar da ido bai gani ba za ta fito kamar ƙuraje a fuskar yaron da ka zana. Bayan nan sai a buɗe Levels, wato ma'aunin daidaita haske da duhu a manhajar zane, a ja shi har takarda ta yi fari. Nan ne masu koyo suke zaƙewa. Ni ina faɗaɗa fuska a allo, ina ja a hankali, da na ga layin gefen ido ya fara dusashewa sai in tsaya, ko da takardar ba ta yi fari fat ba.

Daga nan zanen ya hau leya ta sama (leya shimfiɗa ce a manhajar, ana jera su wata kan wata), a sa ta a tsarin da ake kira Multiply. A wannan tsari fari ba ya tare komai, baƙi yana nan a baƙinsa, don haka launin da aka shafa a ƙasa yana ɓullowa ba tare da ya taɓa layin ba. Manhajar Photoshop na da shi, manhajar Krita ma na da shi, ita kuma kyauta ce, abin da ya sa nake nuna wa ɗalibai ita. Zuba launin farko aiki ne mai gundura. Bokitin fenti na manhajar, mai cika wuri da launi a danna ɗaya, ba ya jituwa da fensir, saboda layin na da ƙofofi, launi sai ya malale. Da hannu ake bi, a ɗan cusa launin ƙarƙashin layi don kada farin zare ya rage a gefe.

Inuwa ita ce inda na fi daɗewa, kuma ba a gaban allo na koye ta ba. Wanda ya cika zanensa da inuwar fensir, sannan ya zo ya ƙara wata a kwamfuta, hoton zai yi datti. Tun a takarda ake yanke shawara: in za a sa launi, a rage shafa fensir, a bar shi a lungunan da suka fi duhu kawai, kamar ƙarƙashin haɓa da cikin naɗin rawani. Kuma baƙi ba launin inuwa ba ne. Duk wanda ke shakka ya je ya tsaya gaban Hasumiyar Gobarau bayan la'asar. Gefen da rana ke duka yana komawa ruwan goro, ɗaya gefen kuma yana karkata zuwa shunayya, domin hasken sararin sama ne ke sauka a kansa. Da tsakar rana inuwa gajera ce mai kaifin baki, ita ake yi da buroshi mai tauri. Ranar da hazo ya rufe gari sai ta yi laushi har ta kusa ɓacewa, launuka duka su kwanta.

Fatar mutanenmu ta fi komai damuna. Yawancin darussan bidiyo da nake cin karo da su a intanet a kan farar fata aka gina su, inda inuwa ce ke fito da siffar fuska. A baƙar fata da wankan tarwaɗa, haske ne ya fi yin wannan aikin: ɗan ƙyallin goshi, saman kunci, karan hanci, kuma yakan ɗebo shuɗin sama. In aka bi tsarin can, yaranmu sai su fito toka-toka kamar marasa lafiya, kuma yaron da ya buɗe littafi a Daura ko Funtuwa ya cancanci ya ga fuska irin tasa an yi mata adalci. Farar babbar riga ma haka. A hawan Sallah, wajen Ƙofar Soro, na lura ninkin kafaɗa yana da inuwa mai shuɗi-shuɗi, gindin rigar kuwa ja-ja ne saboda hasken da ƙasa ke mayarwa sama.

Sai maɗaba'a. Allo haske yake fitarwa da launuka uku na RGB, injin bugu kuwa tawada huɗu yake zubawa, CMYK, don haka shuɗi da kore masu haske sukan mutu, ruwan ƙasa kuma ya ƙara duhu. Kullum nakan ce wa mai maɗaba'ar da nake kai wa aiki, "Alhaji, don Allah a buga mini shafi ɗaya tukuna." Shi kuma ya ce, "Malam, kai dai ba ka gajiya." Nakan fita da shafin waje in duba shi a hasken rana. In fuskoki sun dunƙule, in koma in ɗaga hasken leyar fata kaɗan, in rage ƙarfin inuwa, sannan a saki sauran.