Inda na kai a zanen tsirran nan biyu

Salam ƴan uwa masu koyon zanen tsirrai, ya ƙoƙari? To ni dai har yanzu ina kan aikin da na faɗa muku, tsirrai biyu na Birtaniya da ke dab da ƙarewa, a takarda ɗaya, daga hotuna nake kwafa.

Na hagu Cotoneaster cambricus ce, ƴar bishiya gajera mai rassa da yawa, a daji ba a samunta ko'ina sai kan dutsen Great Orme a arewacin Wales. Tun 1783 aka san da ita, amma masu sha'awar furanni na da suka yi ta tonewa suna kaiwa lambunansu, tumaki da awaki da zomaye kuma suna cinye sabon toho, har ta kai saura guda 6 kacal. Ita kam ta ba ni haɗin kai, ganyen kusan zagaye, bayansa da gashi-gashi fari, sai na goga fensir 2B sama-sama na ɗan ɗaga da kilina ya fito, furen fari da ɗan ruwan hoda, ƴaƴan kuma ja.

Na dama ne aiki wallahi. Gansakuka ce, Thamnobryum angustifolium, tana manne jikin dutsen farar ƙasa a Cressbrook Dale cikin Derbyshire a Ingila inda ruwan marmaro ke bi ta kai, ba fure ba saiwa ta gaske, ta jikinta take shan ruwa, ganyen siriri mai ƴan haƙora a baki wanda sai an zuƙo hoton sosai ake gani. 2B ya yi mata kauri, na koma 2H, ina feƙewa duk bayan ƴan layuka, kore kuma sai a hankali a hankali in ba haka ba ta zama dunƙule.

Abin da ya tsaya min a rai ina zanen, bishiyar tana da gata, ana rainonta a lambu ana mayar da ita kan dutsen ana killacewa. Gansakukar fa? in ruwan nan ya gurɓace ko ya canza hanya, ko wani ya bi ta kai da takalmi bai ma lura ba, shikenan. Shi yasa na ba ta fili ya fi na bishiyar a takardar.

Saura in nuna danshin dutsen. Wanda ya iya fito da sheƙin ruwa da fenti don Allah ya nuna min, farin takarda ake bari ko farin fenti ake ɗigawa daga baya?