Likitan ƙwaƙwalwa ko sikolog: wa za a fara gani?

Abin da aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya koya mana shi ne, dangi kan zo da tambayar wa ya fi wani, alhali abin dubawa halin da marar lafiya yake ciki ne.

Likitan ƙwaƙwalwa lokotoro ne cikakke: ya gama karatun likita, kamar wanda ake yi a Jami'ar Abdou Moumouni, sannan ya ƙara shekaru huɗu a wannan fanni. Shi ke rubuta ordonansi, ya sa a auna jini, ya kwantar da mutum in ta kama, kamar a sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. Sikolog kuwa halayyar ɗan Adam ya karanta, ba ya rubuta magani. Aikinsa zama ne na minti 45 zuwa awa guda, galibi sau ɗaya a sati, zama 8 zuwa 12, da ɗan aikin da za a yi a gida.

In mutum ya kwana uku bai runtsa ba, yana jin muryoyi, ya ƙi abinci, ko yana zancen kashe kansa, wajen likita za a nufa a ranar. Wani lokaci tushen a jiki yake: farfaɗiya, zazzaɓin da ya hau kai, ko tramol da yaro ke sha a ɓoye. Magana ba ta warware waɗannan. Damuwar rasuwa, firgici bayan hari, rikicin aure, nan sikolog ya fi amfani.

Inda aka fi yin ɓarna wajen shan magani ne. Laroxyl, maganin ciwon baƙin ciki mai tsanani, da ire-irensa sai sun yi sati biyu zuwa huɗu kafin a ga sauƙi, amma bushewar baki da gyangyaɗi tun kwanakin farko suke zuwa, sai a ce bai karɓe shi ba a ajiye. Haldol, da ake bai wa masu jin muryoyi, kan sandarar da wuya, ido ya kafe sama, dangi su ce iska ce. Illar maganin ce, likita zai rage shi ko ya haɗa da Artane mai sassauta ta. Wanda kuma ya ji sauƙi ya daina bayan wata guda, ciwon kan dawo. Ana ci gaba aƙalla wata shida. Rubutu da addu'a ba mai hana su, kini ne dai kada a tsayar.

Masu zuwa wajen sikolog kuma, da yawa ba sa komawa bayan zama na farko, wai an sallame su hannu banza ba takardar farmasi.