Ɗakin da Yahudawan Masar suka tara takardu

Ranar da ba mu da lakca wani abokina ɗan Damagaram ya ce mu je tsohuwar Alƙahira mu yi azahar a masallacin Amru bin Aas, muka hau metro muka sauka a tashar Mar Girgis. Bayan sallah ya ja ni cikin lungunan Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, coci nan coci can, har muka ɓulla majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra. Gaskiya da farko na ɗan ja baya, shi ko ya ce kai malam shiga kawai, yanzu ba a ibada a ciki, sai masu yawon buɗe ido.

Wajen ba girma. Akwai mumbarin marmara a tsakiya, sai wata ma'ajiya jikin bango inda ake ajiye Attaura, littattafai biyar ɗin da suke dangantawa ga Annabi Musa, da hannu ake rubuta ta kan fata a naɗe ta. Ita kanta kashi ɗaya ce cikin uku na Tanak, kundin nassoshinsu masu tsarki mai littattafai 24. Fiƙihunsu kuma daban yake, Mishna da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sai Talmud da ya yi mata sharhi, na Iraƙi da na Falasɗinu.

Amma abin da ya tsaya min a rai yana sama, ta ɓangaren mata. Wani ɗaki ne da ake kira geniza. A dokarsu takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita, ko ta yage sai dai a ajiye ko a binne, wlh nan take na tuna yadda a gida in ka ga warƙa a ƙasa sai ka ɗauka ka cusa a ɓular katanga. To su mutanen nan kusan shekara dubu suna jefa takardu a ɗakin ta wata kafa, kuma da tafiya ta yi tafiya ba su ma tantancewa, komai zubawa suke, takardar aure, ta saki, wasiƙun 'yan kasuwa masu zuwa Indiya, fatawoyi, har rubutun yara masu koyon baƙi, da yawa ma Larabci ne aka rubuta da haruffan Ibrananci.

A ciki aka samu rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa haifaffen Ƙurɗuba ta Andalus da ya zauna a unguwar nan ta Fusɗaɗ, likita ne a fadar Ayyubawa, ya rasu 1204. Shi ya tsara dokokinsu kaf a Mishne Tora, juzu'i 14, kuma har daftarinsa mai gyare-gyare da soke-soke yana cikin tarin. Ni wannan ya fi burge ni, a ce babban malami irin wannan ka ga inda ya rubuta ya fasa.

Sai dai fa takardun ba sa nan. A 1896 wani masani Solomon Schechter ya zo daga Kambirij, shugabannin al'ummar suka ba shi izini ya kwashe guntaye kusan 193,000 zuwa Ingila, sauran suka watsu ɗakunan karatu na Turai da Amurka. Abokina sai tsaki yake wai kullum haka ne, kaya na nan ajiya na can. Ni na ce masa aƙalla an ɗauki hotunansu an sa a intanet, ya ce to ai da mun zauna hostel mun duba a waya.