Inda na kai a koyon tafiya kan duwatsu

Salam 'yan uwa masu koyon yawon daji da hawan dutse, ga inda na kai a nawa. Abin da na gane zuwa yanzu shi ne gajeriyar hanya mai duwatsu ta fi doguwa mai laushi cin ƙafa, kuma mu da ke zaune a Legas ƙafarmu ba ta saba ba ko kaɗan, gari ne shimfiɗaɗɗe, daga kwalta sai yashi sai ruwa.

Da Lekki Conservation Centre na fara. An kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78, hanyar katako ce ta ratsa dajin fadama, ga kuma gadar nan ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Wurin ya yi don mutum ya saba da gumi da zafin cikin daji, amma dutse ko ɗaya babu. Kar ku riƙe leda ko biskit a hannu, birai za su fizge.

A ranakun aiki gadar tsallaka titi nake hawa in sauka bayan sallar asuba kafin mutane su cika, ya taimaka wa numfashi sosai, sai dai matakala tsayinta ɗaya ne, shi kuwa dutse kowane taku daban.

Gwaji na gaske a Dutsen Olumo na yi shi, a Abeokuta. Daga tashar Agege jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 zai sauke ka a can, ka huta da gosulo. Tsayin dutsen mita 137, a cikin kogunansa mutanen Egba suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Na hau ta tsohuwar hanya, wadda ake kutsawa ta tsagar dutse a bi ta kan saiwoyin bishiya, na sauko ta matakala, kun ga zagaye kenan. Daga sama har kogin Ogun ana hangowa.

To ga inda nake so ku saurara. Da yawanmu mun taso muna hawa Dala ko Kufena, muna ganin mun san dutse, amma wancan busasshe ne yana riƙe takalmi. Na Kudu akwai gansakuka a jikinsa, ga jiƙaƙƙen ganye ya rufe ramuka, in ka taka wurin da ya yi kore ko baƙi yana sheƙi kamar ka taka miyar kuɓewa ne wallahi. Yanzu abin da nake yi, ina rage faɗin taku, in sa tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutsen, gwiwa a ɗan lanƙwashe, inda ya yi tsaye kuma hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna riƙe kafin in motsa. Saukowa ta fi hawa wuya, a nan cinya ke rawa kuma a nan ake gurɗewa, shi ya sa nake saukowa a karkace ba na gaggawa ko da na baya suna jira. Silifas kam a bar shi a gida, kambas mai zane a ƙasa ake so, a ɗaure igiya tam don kar yatsu su riƙa dukan gaban takalmi. Ruwa da waya su shiga jakar baya, hannu ya zama babu komai.

Saura daidaita jiki a ƙafa ɗaya, shi nake ta gwadawa a gida. In damina ta ɗauke, wajen Disamba, ina son gwada Erin Ijesha a jihar Osun, can duwatsun sun fi jiƙa saboda ruwan da ke zubowa. Wanda ya shirya daga Agege ko Mile 12 ya yi magana mu haɗa kuɗin mota.